Tambaya: Yarima Saud al-Faisal, shekara 40 yana ministan waje, mai iko ne ko ɗan aike?

Ɗan Jega:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Don Allah ina son waɗanda sunka san tarihin ƙasashen Larabawa su raba mu gardama. Jiya da dare muna zaune wurin mai shayi nan Birnin Kebbi sai wani abokinmu ya nuna muna wani tsohon bidiyo a Facebook, wani dattijon Balarabe ne da alkyabba yana jawabi wurin taro, wuyanshi a karkace, murya na rawa, amma kowa ya yi tsit ana saurarenshi. Anka ce shi ne Yarima Saud al-Faisal, ɗan Sarki Faisal, kuma wai shekara 40 ya yi yana ministan harkokin wajen Saudiyya. To nan fa gardama ta tashi, yayana ya ce ai wannan shi ne ƙwaƙwalwar masarautar gaba ɗaya, sarakuna uku sunka wuce shina nan, shi kuma abokin namu ya ce babu wani iko, takarda kawai ake ba shi ya je ya karanta. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, in har yana da irin wannan ƙarfin kuma ɗan sarki ne na cikinshi, mi ya hana ya zama sarki? In kuma ba shi da ƙarfi, ta yaya mutum zai kai shekara 40 kan kujera guda a gidan da 'ya'yan sarki sun kai dubbai kuma kowa na so? Har muka tashi wajen ƙarfe sha biyu ba mu daidaita ba.

Malam Bagumme:

Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka ta yi kyau, kuma ka tuna min da zamanin da muke kwana da rediyo bisa kunne. Ni lokacin da anka kashe Sarki Faisal, ranar 25 ga Maris 1975, ina ɗalibi a kwalejin horon malamai, ɗan ɗan'uwanshi ne Faisal bin Musa'id ya harbe shi cikin fada. Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne shi kanshi Sarki Faisal shi ke riƙe da ma'aikatar waje tun 1930 lokacin da anka kafa ta, ban da wani ɗan tsakani na shekara biyu, har da ya hau gadon sarauta a 1964 bai sake ta ba. Ka ga ke nan da Sarki Khalid ya ɗauko Saud ya ba shi aikin cikin wannan shekarar ta 1975, kamar gadon gida ne anka mayar wa ɗa. Yana da shekara 35 a lokacin, don an haife shi a Ɗa'if a 1940.

Kuma ba haka nan anka tsinto shi ba. Ya yi karatun tattalin arziki a jami'ar Princeton ta Amurka, ya gama a 1964, ya dawo ya shiga harkar man fetur, ya yi aiki a Petromin, hukumar mai ta gwamnatin Saudiyya, daga baya a 1971 ya zama mataimakin ministan mai ƙarƙashin Ahmed Zaki Yamani. Wato yana cikin ofishin lokacin da Larabawa sunka rufe wa Amurka famfon mai a 1973, abin da ya sa farashi ya tashi har mu nan Najeriya munka ga kuɗin da ba mu taɓa gani ba, manya sun san zancen ƙarin albashin Udoji. Mutumin da ya koyi lissafin gangar mai kafin ya koyi zaman teburin sulhu, ba ka ce mashi mai karanta takarda kawai.

Don ka gane tsawon shekara 40, shekarar da ya fara ita ce ta ƙarshen mulkin Gowon a nan, lokacin da ya sauka ranar 29 ga Afrilu 2015 Jonathan na shirin miƙa wa Buhari. Ya zauna a zamanin Joe Garba yana ministan wajenmu, ya ga Ishaya Audu, ya ga Ibrahim Gambari, ya ga Rilwanu Lukman, ya ga Sule Lamido, har Aminu Wali. Mu muna ta sauyawa, su mutum guda.

Zancen sarauta kuwa mai sauƙi ne. A gidan Saudiyya, tun rasuwar Sarki Abdul'aziz a 1953 sarauta tsakanin 'ya'yanshi take yawo, daga wa zuwa ƙane: Saud, Faisal, Khalid, Fahd, Abdullah, Salman, duk uba ɗaya. Shi kuwa wanda kake tambaya jika ne. Duk iliminshi sai baffanninshi sun ƙare, kuma baffannin nan suna da yawa kuma Allah ya ba su tsawon rai. Abin mamaki, ranar da ya sauka ita ce ranar da Sarki Salman ya cire ƙanenshi Muƙrin ya naɗa Muhammad bin Nayef yarima mai jiran gado, jika na farko da ya kai wannan matsayi, ya sa ɗanshi Muhammad bin Salman a bayanshi. Ƙofar ta buɗe wa jikoki daidai lokacin da shi ciwo ya riga ya ci ƙarfinshi, ciwon baya da anka yi mashi aiki ba sau ɗaya ba, da ciwon nan mai sa kakkarwar jiki, shi ne abin da kunka gani a bidiyon.

Ni in za ni kwatanta maka shi da abin gida, sai in ce ka dubi Waziri Junaidu na Sakkwato, Allah shi gafarta mashi, tun 1948 shina waziri har rasuwarshi a 1997. Ba shi ne Sarkin Musulmi ba, amma wa zai ce Sarki Abubakar na yanke babbar magana bai ji ta bakin waziri ba?

Kuma mu mutanen Gummi muna da wata alaƙa da gidan nan da ba mu mantawa. Shi da 'yan'uwanshi ne sunka kafa gidauniyar tunawa da mahaifinsu a 1976, wadda ke ba da lambar yabo ta Sarki Faisal, kuma a 1987 ɗan garinmu Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya karɓe ta kan hidimar Musulunci. Ranar da labarin ya zo garin nan har waɗanda ba su bin ra'ayin Malam sun yi murna.

Abu Sadik na Tudun Wada Gusau:

Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru wallahi, amma a yi min afuwa ni ina bayan abokin nan da ya ce ɗan aike ne, kuma ba don raini ba. Misalin waziri da Malam ya kawo ma ai shi ke nuna haka, waziri shawara yake bayarwa, ba shi ke yankewa ba, gara ma a Sakkwato waziri guda ne, can kuwa kowane babban yarima da tashi ma'aikatar wajen a aljihu. Maganar Amurka tana hannun Bandar bin Sultan wanda ya yi jakada a Washington daga 1983 zuwa 2005 kuma kai tsaye yake magana da Sarki Fahd, maganar Afganistan da Pakistan tana hannun ƙaninsa Turki al-Faisal mai hukumar leƙen asiri daga 1977 zuwa 2001, maganar Yaman ta Yarima Sultan ce ministan tsaro, tsaron cikin gida na Nayef, to me ya rage masa in ba zuwa taron ƙungiyar Larabawa da Majalisar Ɗinkin Duniya ba?

Sannan mu duba sakamako mana, ai da abin da mutum ya bari ake auna shi. Ya hau kujera Falasɗinawa ba su da ƙasa, ya sauka ba su da ƙasa. An yi shirin sulhu na Fahd a 1981, an yi shirin zaman lafiya na Larabawa a Beirut a 2002 wanda aka ce Isra'ila ta koma kan iyakar 1967 a ba Falasɗinawa ƙasa mai hedkwata a gabashin Ƙudus su kuma Larabawa duka su ƙulla hulɗa da ita, shi ya yi ta yawo da shirin nan ƙasa ƙasa, har taron sulhu na Annapolis a Amurka ya je a 2007 ya ce ba zai gaisa da 'yan Isra'ila ba, to me ya fito? An tara Fatah da Hamas a Makka a farkon 2007 sun sa hannu, kafin wata biyar suna harbin juna a Gaza. A 2003 ya fito fili ya gargaɗi Amurka kada ta shiga Iraƙi, ba su ji ba, a 2005 ya je can ƙasarsu ya faɗa musu a gabansu cewa sun ɗauki Iraƙi sun miƙa wa Iran, gaskiya ya faɗa amma ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Shi kansa a wata hira da jaridar New York Times a 2009 ya nuna cewa abin da zamaninsu ya bari takaici ne ya fi nasara yawa, saboda maganar Falasɗinu.

Kuma abin da ya fi damuna ni, ƙarshen aikinsa bai yi kama da farkonsa ba. A 2012 a taron Tunis shi ya ce ba 'yan tawayen Siriya makamai shawara ce mai kyau, a 2013 da sojoji suka kifar da shugaban Masar Mursi aka zubar da jini a Alƙahira shi ya fito ya ce in Turawa sun yanke wa Masar tallafi Larabawa za su cike, kuma yana kan kujera aka fara ruwan bama-bamai a Yaman a Maris 2015. Mu da muke Zamfara mun san abin da ake nufi da a zuba makamai cikin daji, ba labari aka ba mu ba, bindigar da ta shiga ba ta fita. Shi ya sa in an ce min gwanin diflomasiyya ne sai in tambaya, diflomasiyyar ta hana me?

Hajiya Uwar Marayu, Argungu:

Sallama gare ku duka, Baba Malam ina gaisuwa. Abu Sadik ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce kuma ba ni musun zancen Siriya da Yaman, abin ya ci rai. Amma ka tsallake Ɗa'if, kuma wanda ya tsallake Ɗa'if bai yi wa mutumin nan adalci ba.

Labanon ta faɗa yaƙin basasa a 1975, shekarar da ya hau kujera, Kirista da Musulmi da Duruz da Falasɗinawa, ga sojan Siriya ga na Isra'ila, mutum sama da dubu 100 sunka mutu cikin ƙasar da ba ta kai jihar Kebbi girma ba. An yi yarjejeniya iri iri duk ta rushe. A 1989 ƙungiyar Larabawa ta ɗora wa Saudiyya da Maroko da Aljeriya aikin, wakilin ƙungiyar Lakhdar Brahimi na kai da komo, sai anka kwashe mafi yawan 'yan majalisar Labanon da sunka rage da rai, waɗanda anka zaɓa tun 1972 don yaƙi ya hana sabon zaɓe, su 62, anka kai su Ɗa'if garin da anka haifi shi Saud ɗin, anka aje su wuri guda sama da mako uku. Shi ne mai masaukin, shi ke zama da wanga ɓangare da safe ya zauna da wancan da dare, kuma dole sai an samu amincewar shugaban Siriya Hafiz Assad a Dimashƙa don sojojinshi ne a ƙasar. Ranar 22 ga Oktoba anka cimma matsaya. Da can kujerun majalisa shida ne na Kirista duk biyar na Musulmi, sai anka mayar da shi rabi da rabi, anka rage ikon shugaban ƙasa wanda Kirista ne anka ƙara wa majalisar ministoci da firaminista wanda Musulmi ne ɗan Sunna, anka ce ƙungiyoyi su aje makamai.

Ba na cewa komai ya tafi daidai. Janar Michel Aoun, shugaban sojan Labanon a lokacin, ya ƙi yarda har sai da anka fitar da shi da ƙarfi a 1990, shugaban farko da anka zaɓa bayan yarjejeniyar, René Moawad, ko wata ɗaya bai cika ba bam ya kashe shi, Hizbullah ba ta aje makamanta ba, sojan Siriya sai 2005 sunka fita. Amma yaƙin shekara 15 ya tsaya. Uwa ta iya aiken ɗanta kasuwa. Ni da nake aiki da zawarawa da marayun da sunka gudo muna daga ƙasar Zuru da ƙauyukan Zamfara, na san darajar wannan, in yau wani zai kawo muna sulhu ko mai ɓaraka ne wanda zai sa mata su koma gona, wallahi hannu biyu za mu karɓa.

Kuma kalmar ɗan aike da kuke faɗa kamar zagi, ku tuna ko a gida in aure ya rikice ba kowa ake aikawa biko ba. Ana neman wanda gidan miji sun san shi gidan mata sun san shi, wanda in ya ce na ɗauki alkawari an san ba ya tashi, wanda ya san abin da ya faru shekara ashirin baya don kada a rufe shi da ƙarya. Shekara 40 abin da take saya maka ke nan. Duk sabon ministan Amurka ko Faransa ko Iran da zai zo, zai tarar da mutumin da ya zauna da wanda ya gabace shi da wanda ya gabaci wancan, tun daga Kissinger har John Kerry. A zamaninshi ne Saudiyya ta ƙulla hulɗa da Sin ta kuma maido da ta Tarayyar Sobiyet, duka a 1990, ƙasar da da can ko jin sunan kwaminis ba ta so. Da Iran kuma an yanke hulɗa a 1988 bayan rikicin Makka na hajjin 1987 da mutum wajen 400 sunka mutu, anka maido a 1991, kuma duk zafin da ke tsakani ba a sake yankewa ba sai a farkon 2016, bayan ya rasu. Wannan ni ina ganin ba banza ba ne.

Inda nake da ƙorafi shi ne ta ɓangarenmu. A hajjin 2012 mata 'yan Najeriya wajen dubu anka tsare a filin jirgi kan maganar muharrami, anka maido da yawa gida, har jigilar alhazai ta tsaya na ɗan lokaci, sai da gwamnati ta naɗa tawaga ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal yana kakakin majalisa. Abu ne da in da ana ɗaukar mu da nauyi da waya ɗaya ta kashe shi kafin ya kai haka. Hankalin manyansu yana Washington da Tehran da Alƙahira, mu Afirka sai lokacin ƙuri'a ko lokacin aikin hajji.

Abu Sadik na Tudun Wada Gusau:

Hajiya na karɓi gyara kan Ɗa'if, gaskiya ban san an kai har mako uku ana abu ɗaya ba. Amma ko a nan ai da sunan Sarki Fahd aka yi, kuma kuɗi da sanayyar attajirin Labanon Rafik Hariri sun yi aiki sosai. Sannan ga wani misali, a Oktoban 2013 an zaɓi Saudiyya a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya rana ɗaya da Najeriya da Chadi, jami'ansu sun daɗe suna neman kujerar har sun yi murna, washegari aka ce ba a so, Jodan ta maye gurbin. Ma'aikatar da ta sha wahalar neman abu ba ita za ta wayi gari ta zubar ba, wannan daga sama ya zo.

Malam Bagumme:

Abu Sadik ɗana, ai babu mai cewa shi ke sama. Mulkin sarauta ne, magana ta ƙarshe ta sarki ce, ko a 1990 da Saddam ya mamaye Kuwait, Sarki Fahd ne ya yanke a kira sojan Amurka. Amma bayan an yanke wa ya bi ƙasashe yana tattaro goyon baya har Siriya da Masar sunka aiko soja? Kuma ka lura da abu guda, sarakuna uku masu hali daban daban, Khalid mai sanyi, Fahd mai son Amurka, Abdullah mai kaifin baki, kowane ya zo da mutanenshi ya kawar da wasu, amma babu wanda ya taɓa kujerar nan. Ko Salman da ya sauke shi, sanarwar ta ce shi ya nemi a sauwaƙe mashi saboda rashin lafiya, kuma anka bar shi da muƙamin mai ba sarki shawara kuma wakilinshi na musamman. Wanda ya gaje shi, Adel al-Jubeir, ba ɗan gidan sarauta ba ne, kuma cikin shekara biyar da saukarshi sai da ministoci uku sunka zauna kujerar, Jubeir, Ibrahim al-Assaf, sannan Faisal bin Farhan a 2019.

Hajiya, Allah shi saka maki da alheri kan aikin marayun nan. Zancen 2012 da kinka kawo gaskiya ne, kuma ya yi zafi don alaƙar ta daɗe, Sardauna yana cikin waɗanda anka kafa Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, da su a Makka a 1962, mataimakin shugaba ne ma.

Ɗan Jega:

Na gode ƙwarai Baba Malam, na gode Hajiya, na gode yaya Abu Sadik, yau da dare zan karanta masu duka wurin mai shayi. Ni dai yanzu na fahimci dalilin da ya hana shi sarauta, kuma maganar biko da Hajiya ta kawo ta zauna min, ko da yake zancen Siriya da Yaman har yanzu yana min nauyi a rai. Saura abu guda, abokin namu ya ce wai a Amurka ya rasu kuma can anka rufe shi, haka ne?

Malam Bagumme:

Rabi ya faɗa daidai. A Los Angeles ya rasu ranar 9 ga Yuli 2015, cikin goman ƙarshe na azumi, wata biyu da 'yan kwanaki bayan saukarshi, yana da shekara 75. Amma an ɗauko gawar zuwa gida, anka yi mashi salla a Masallacin Harami, anka rufe shi a maƙabartar Al-Adl nan cikin Makka, inda Sheikh Bin Baz yake kwance. Ka gaishe min da yayan naka.